Katin da Ya Dawo da Jar Tawada

Tsuruoka, Yamagata
Watan Maris

Zuwa ga Baffana Minoru,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga 'yarka Chizuru. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Gwaggo Harue da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku a Assai. Kullum da safe idan Mama ta kunna turare a gaban hotunan su Kaka, sai ta ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya ta roƙa muku lafiya da tsawon kwana, ni ma ina tsaye a bayanta ina roƙon haka. Na ji ku can Brazil zafi ne ke gasa ku yanzu. Mu nan dusar ƙanƙara ta fara narkewa a bakin titi, amma gonakin shinkafa har yau fari fat suke, Dutsen Gassan kuwa ko alamar baƙi babu a jikinsa. Yaya gwiwar taka? Gwaggo ta taɓa ce mini ba ka jin magana, kana hawa tsani kamar saurayi, don haka nake tambaya.

Mu dai da sauƙi. Maigidana Noboru yana nan da ciwon bayansa, yana ta rantsuwa wai bana ce shekarar ƙarshe da zai yi noma, kamar yadda ya rantse bara da bara waccan. 'Yarmu Mio ta samu aiki a Sendai ta zama 'yar birni, sai ta ga dama take ɗaga waya. Shagon gyaran gashina yana tafiya, tsofaffin unguwa ne dai ke zuwa, rabi don gashi rabi don gulma. Gahawar da ka aiko lokacin kaka ta iso lafiya, mun gode ƙwarai, Noboru ya ɓoye rabinta wai kada baƙi su shanye masa.

Baffa, ka san ni ban iya kewaye-kewaye ba, kuma ka yi haƙuri da rubutuna, 'yar malami ce ni amma hannun malamin bai biyo ni ba. Zancen katin sabuwar shekara ne da Baba ya aiko maka, wanda ka dawo masa da shi. Yayanka bai san ina rubuta wannan ba. Ya hana mu, ni da Mama, ya ce duk wadda ta buɗe baki ta gaya maka, to ba shi ba ita. Na yi biyayya har na gaji. Gara ya yi fushi da ni yana raye da in ci gaba da kallonsa yana narkewa a gabana ina riƙe da bakina.

A watan Oktoba, bayan an gama girbi, tsoho Togashi mai injin casar shinkafa ya rasu. Za ka tuna shi, Baba ya ce ajinku ɗaya. Kafin ranar jana'izar Baba ya yi ta ƙorafin ciwon kai, ya ce sauyin yanayi ne, mu ma muka yarda. Ni na kai shi a mota. A bakin ƙofa akwai teburin da masu ta'aziyya ke rubuta sunayensu, kuma waɗanda ke zaune a wurin tsofaffin ɗalibansa ne, yanzu duk sun yi furfura. Suka miƙe suna sunkuyawa suna Malam, Malam. Ya ɗauki burushi, ya tsoma a tawada, ya ɗaga hannu yadda ya saba, sai hannun ya tsaya a sama. Ina bayansa, na ɗauka gyara tsayuwa yake, don ka san Yayanka, ko sunansa zai rubuta sai ya yi shi kamar za a rataye a bango. Tawada ta ɗigo a kan takardar. Layi ya yi tsawo a bayanmu. Can sai ya sunkuya ya rubuta sunan gidanmu, Igarashi, ba da kanji na manya ba, da hiragana, rubutun nan mai sauƙi, baƙi ɗaya-ɗaya, irin yadda ɗan aji ɗaya ke rubuta sunansa a jikin jaka. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya yi dariya, wai yau Malam da wasa ya tashi, ko kuwa ya ga su ne ya tuna ba su iya karatu ba. Baba ma ya yi dariya, amma ni na ga ƙeyarsa tana zufa cikin sanyin nan. Da muka shiga mota na tayar da ita, sai ya tambaye ni a hankali, wai kanjin farko na sunan gidanmu, daga ina ake fara shi. Ban kai shi gida ba, asibiti na wuce da shi.

Likita ya ɗauki hoton kansa ya ce wata 'yar jijiyar jini ce ta toshe a gefen hagu, ta bayan kunne. Ciwon nan ne dai da ke shanye wa mutane ɓarin jiki, amma shi bai taɓa masa hannu ba, bai taɓa ƙafa ba, bai taɓa harshe ba. Yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da tsinkensa, yana faɗa da mai karanta labarai a talabijin kamar kullum. Kanji kawai ya ɗauke. Wai ashe rubutun namu iri biyun nan hanyarsu daban-daban ce a cikin kai. Hiragana sauti take bi, abin da baki ya faɗa shi hannu ke sawa. Kanji kuwa sai mutum ya fara ganin siffarsa a cikin kansa kafin hannu ya motsa, to wurin da ake ajiye siffofin nan ne jini ya daina kaiwa. Ni da na haura hamsin ina cakuɗa su a layi ɗaya ban taɓa sanin ba gida ɗaya suke kwana ba. Abin takaicin shi ne yana karantawa. Ka ba shi jarida, zai karanta maka, ko da a hankali. Ka ajiye masa kanji a gaba, zai kwafe shi tsaf da hannun nan nasa mai kyau. Amma ka ɗauke takardar ka ce ya sake, shi ke nan, sai ya tsaya yana kallonka. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana koya wa yaran garin nan inda ake fara layi da inda ake tsayar da shi.

Da farko bai karaya ba, gaskiya. Aka haɗa shi da wata yarinya a asibitin, Malama Konno, mai koya wa irin su magana da rubutu. Ya isa ya haifi uwarta, amma yana kiranta Malama yana sunkuya mata, yana yin aikin gida kamar ɗalibin kirki. A can ya haɗu da wani masunci mutumin Sakata, Honma, wanda nasa ciwon ya zo a juye: kanji yana fito masa daidai, hiragana ce ke rikice masa, ya sa na baya a gaba na gaba a baya. Baba ya ce wa Malama Konno ta samo allura da zare ta ɗinke su wuri ɗaya, ko a samu ɗalibi guda mai amfani. Honma ya ce shi bai yarda ba, don Malam ba ya shan giya, in aka ɗinke su shi aka cuta. Haka suka yi ta zolayar juna. A gida kuma kullum yatsansa na kan tafin hannunsa yana zane, ka san yadda muke yi idan baƙi ya ɓace mana, sai dai nasa yatsan ya yi layi biyu ya tsaya. Wani lokaci abin ya fito amma ba wanda ya kira ba. Ran nan ya so ya rubuta tsinken cin abinci sai ya rubuta gada, tunda a baki duk biyun hashi ake ce musu. Mama ta ce to bari ta je ta ɗauko masa gadar ya ci shinkafarsa da ita. Muka yi dariya har da shi, sannan ya tashi ya shiga bayan gida ya daɗe bai fito ba.

Da Disamba ta kama, lokacin katunan sabuwar shekara ya zo, na yi ta fargaba. Tun ina yarinya da hannunsa yake rubuta su duka, gidan ya cika da ƙanshin tawada. Bana sai ya kira ni ya ce in buga su a kwamfuta kamar yadda kowa ke yi, shi ya tsufa. Ya faɗe shi a sauƙaƙe har na ji daɗi. Amma ya zare kati guda ya ce wannan na Minoru ne, kada in taɓa. Ya yi kwanaki a kansa. Na ga yana wahala, sai na ɗauko ambulan ɗinka na bara mai sunanka a baya, da ƙamus, na ajiye masa a gefe don ya kwafa. Ya ture su da bayan hannu. Ya ce kwafa zane ne, ba rubutu ba. Ya ce yaron da ya goya a bayansa ya kai shi makaranta cikin dusar ƙanƙara, ba zai zauna yana kwafar sunansa kamar na wani baƙo a littafin waya ba. Daga ƙarshe ya rubuta katin gaba ɗaya da hiragana, har sunanka, ya ce ita kaɗai ce ta rage da ke fitowa daga cikinsa ba da taimakon kowa ba. Mama ta roƙe shi ya ƙara layi ɗaya a ƙasa ya faɗi abin da ya same shi. Ya ɗaure fuska ya ce tun da take ta taɓa ganin an sa zancen ciwo a katin sabuwar shekara? So take ya kai wa ƙaninsa baƙin labari ranar farkon shekara? Da kansa ya sa takalmin roba ya taka har gidan waya. Ya dawo fuskarsa a sake, ya ci shinkafa kwano biyu.

Na san abin da ka gani da ka buɗe. Mama ta ba ni labarin tun da daɗewa, ba a gaban Baba ba. Shekarar da sanyi ya ƙone muku gonar gahawa, ka zauna ka rubuto wa Yayanka doguwar wasiƙa ka faɗa masa halin da kuke ciki, shi kuwa ya ɗauki jar tawadar gyaran ɗalibai ya bi kanjin da ka kuskure ɗaya bayan ɗaya, ya mayar maka da ita, har da rubuta a ƙasa wai in kanji ya yi maka nauyi ka riƙa rubutu da hiragana kamar yara. Daga nan kuka daina rubuta wa juna har sai da mutuwar Kaka ta dawo da kai gida. Abin da ya yi ba daidai ba ne, Baffa, ubana ne amma zan faɗa. Shi ma ya sani, ko da yake irinsa ba sa iya buɗe baki su ce sun yi kuskure, sai dai su yi ta aiko da kati duk shekara. To mutumin da aka yi wa haka, ya buɗe kati ya ga babu kanji ko ɗaya, har sunansa an rubuta kamar na ɗan yaye, me zai ɗauka in ba tsohon ya tashi da tsohuwar tsiyarsa ba? Na fahimta. Amma fahimtar ba ta zo mini ranar ba.

A farkon Fabrairu ambulan ɗinka ya iso. Muna zaune a teburin ɗumi bayan abincin rana, ƙafafunmu cikin bargo. Da ya ga tambarin Brazil sai ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, ya yanka bakin da almakashi a hankali. Katinsa ne ya faɗo. A gefen kowace kalma ka rubuta kanjinta da jan alƙalami, sunanka kuma ka yi shi ƙato a sama, sannan a ƙasa ka ce Yaya ya kwantar da hankalinsa, ko da noma ya cinye maka hannu har yanzu ka iya karanta sunanka. Ni da Mama muka kalli juna. Shi kuwa ya sa tabarau, ya bi gyaran da yatsa daga sama har ƙasa bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama sai ya ce babu kuskure, hannun Minoru ya yi kyau, da ɗalibinsa ne da ya ba shi maki cikakke. Ya mayar da katin cikin ambulan ya ce Mama ta ƙaro masa shayi. Da kana kusa da ni ranar, Baffa, da ka ji abin da ba ka taɓa ji daga bakin 'ya ba. Na koma shago na rufe ƙofa na yi kuka, wata tsohuwa tana ta ƙwanƙwasawa da rabin gashinta a naɗe.

Tun daga ranar bai sake zuwa wurin Malama Konno ba. Ya wanke burusansa ya naɗe su a jarida, dutsen niƙa tawadarsa da Kakanmu ya bar masa ya ce in kai wa Mio ko in jefar, duk wanda ya fi mini sauƙi. Yini yake a teburin ɗumi yana kallon taga. Abinci sai an yi da gaske. Yalon nan da Mama ke jiƙawa da gishiri, wanda muke ɓoye masa saboda hawan jini yana bin kicin yana nema kamar ɓera, yanzu ko an ajiye a gabansa ba ya kallo. Maganinsa ma sai na tsaya a kansa, ran nan na tsinci ƙwayoyi a aljihun rigarsa wajen wanki. Malama Konno ta bugo mini waya da kanta. Ta ce watannin farkon nan su ne masu daraja, abin da ya dawo yanzu yakan zauna, wanda aka bari ya yi nisa kuwa da wuya ya komo, kuma kafin ya daina zuwa har wasu kanjin sun fara dawo masa, su dutse da kogi da sunayen ranaku. Likita kuma ya ce jininsa yana hawa, in abin ya sake zuwa ba lallai ya tsaya a kan rubutu ba. Honma ya aiko masa da busasshen kifi da saƙo wai rabin ɗalibi yana jiran ɗaya rabin, ko murmushi bai yi ba. Na yi faɗa, na yi lallami, na yi barazanar zan daina zuwa gidan. Sai ya dube ni a natse ya ce in bar wahalar da kaina, shi ya gama makaranta. Mama ta rame, zobenta har juyawa yake a yatsa. Tsoro nake ji, Baffa, ba zan ɓoye maka ba.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Ba ka sani ba, kuma mu muka ɓoye. Amma ku biyun nan taurin kai ɗaya kuka sha a nono, kuma cikin 'ya'yan Kaka ku kaɗai kuka rage. Shi ba zai ce maka ba shi da lafiya ba, kai ba za ka tambaya ba, haka za ku zauna kowa a nasa gefen teku har wata rana in ɗauki waya in gaya maka abin da ba na so. Don haka nake roƙonka ka rubuto masa. Kada ka buga waya, muryarsa garau take, zai yi maka zancen dusar ƙanƙara da farashin shinkafa ya ajiye, ka ce ai Yaya lafiyarsa lau, Chizuru ce ke da zuzuta abu. Kada kuma ka cika takardar da tausayi, ka san shi, tausayi ya fi zagi yi masa ciwo. In ka ga dama ka ce ni na gaya maka, na shirya wa fushinsa, ba yau ya fara korata ba.

Ka gaishe mini da Gwaggo Harue sosai, ka ce mata ta karanta wannan tare da kai don kada ka ninke ka tura ƙarƙashin matashi. Ka gaida ɗanka Celso da matarsa da yaran, da 'yarka Marcia, ka ce mata hoton bikin ya iso kuma rigar ta yi mata kyau. Mama tana gaishe ku duka, ita ta san ina rubutawa, ita ma ta sayo mini kan sarkin. Noboru yana gaisuwa, yana kuma tambaya ko gahawar bana ta yi kyau, ka san inda ya dosa.

Saura abu ɗaya. A cikin ambulan ɗin nan za ka ga takarda a ninke, tallan kantin sayar da kaya ce, ka juya bayanta. A satin nan na tsince ta ƙarƙashin bargon teburin ina shara. Da fensir ya yi, ban san lokacin da yake yi ba, tunda a gabanmu ba ya taɓa ko alƙalami. Daga sama har ƙasa abu ɗaya ne ya yi ta maimaitawa, rabin kanjin sunanka na hagu, mai siffar zangarniyar shinkafar nan mai sunkuyar da kai. Rabin dama, mai alamar "yanzu" a sama da ta "zuciya" a ƙasa, bai fito ba ko sau ɗaya. Ga gyaranka a cikin aljihun tebur kusa da gwiwarsa, sunanka ƙato a jiki, amma bai buɗe ya duba ba. Na nuna masa takardar na ce Baba mene ne wannan. Ya ce yaron nan yake kira, rabi ya amsa, rabi ya ƙi zuwa. Ya ɗauki jarida ya rufe fuskarsa.

In ka zauna ka rasa abin da za ka ce masa, ba sai ka ce komai ba. Ka cike guda ɗaya da hannunka ka dawo masa da ita kafin a fara dashen shinkafa. Ka duba da kyau za ka ga a gefen kowanne ya bar fili daidai girman rabin da ya ɓace. Bai matse maka wuri ba ko a guda ɗaya.

Ka huta lafiya, Baffa.

'Yarka mai jiran amsarka,
Chizuru